Yadda Ake Karɓe Fokas Daga Hannun Kyamara A Juya Zobe Da Hannu

A wani daren kai amarya a ƙauyenmu, can tsakanin Ringim da Taura, na dawo gida babu hoton kirki ko ɗaya. Janareta ya ƙi tashi, hasken da ake da shi bai wuce tocilar waya biyu ko uku ba. Aka fito da amarya a lulluɓe, ana guɗa, na ɗaga kyamara na danna. Lenis ya yi zuu ya tafi, ya yi zuu ya dawo, ya ƙi tsayawa. Na sake dannawa, haka dai. Gwaggon amarya ta dube ni ta ce, "Kai mai hoto, mu tsaya ne ko mu wuce? Mota fa tana jira." Na ce, "Ku yi haƙuri Gwaggo, yanzun nan." Kafin in rufe baki sun kai bakin zaure.

Kyamarar lafiyarta ƙalau. Ni ne na bar mata aikin da ba ta iya ba.

Abin da kyamara ke nema

Idan ka danna maɓallin ɗauka rabi, kyamara ba ta san amarya ba, ba ta san doki ba. Iyaka take nema, wato wurin da duhu da haske suka haɗu: bakin hula a goshi, zanen atamfa, gefen ƙofa. Idan ta samu sai ta juya lenis har iyakar ta fito garau, ta yi ƙara, shi ke nan. Inda babu haske, ko babu iyaka, ko kuma iyakokin sun yi yawa wani a gaban wani, a nan take rikicewa. Ko ta yi ta kai-komo, ko ta kama abin da ya fi kusa da ita, wanda sau da yawa ba shi kake so ba. Ƙananan kyamarorin da muka fi riƙewa, irin su Canon 600D da 1300D da Nikon D3200, idan suna kan saitin kama fokas sau ɗaya, wato One-Shot a Canon ko AF-S a Nikon, ƙin ɗauka ma suke yi sam sai sun kama. Abin da ya same ni a wancan dare ke nan.

Wannan fasaha ta kyamara ta kama fokas da kanta, wato otofokas, ko oto a taƙaice, ba ta daɗe can ba. A 1977 Konica ta fitar da kyamarar farko mai kama fokas da kanta da aka sayar da yawa, sai a 1985 Minolta 7000 ta kai abin ga manyan kyamarori masu sauya lenis. Yawancin tsofaffin hotunan sarakuna da na alhazai da ke rataye a zaurukanmu da suka girmi wannan lokaci, da hannu aka juya su, kuma har zaren rawani kana gani.

Shiri kafin ka fara

Da farko gyara tagar leƙe, wato inda kake ɗora ido a bayan kyamara, ta dace da idonka. A gefen tagar akwai wata 'yar ƙaramar taya da mutane da yawa ba su taɓa lura da ita ba. Ka leƙa, kada ka kalli abin da ke gabanka, kalli lambobin da ke ƙasa da 'yan akwatunan fokas. Juya tayar har su fito tas. Idan ka tsallake wannan, idonka zai riƙa ce maka abu ya fito alhali bai fito ba. Mu da shekaru suka fara turawa, har muna nisanta waya kafin mu karanta saƙo, mu muka fi buƙatarsa. Idan kuma kuna karɓa-karɓa da yaron shago, kowa ya gyara idan ta zo hannunsa.

Na biyu, nemi makunnin. A lenis ɗin Canon an rubuta AF da MF, a na Nikon A da M: AF ko A na oto ne, MF ko M na juyawa da hannu. Wasu sababbin ba su da makunni, sai ka shiga menu. Tura shi kan MF ko M kafin ka taɓa zobe. Tsofaffin lenis 18-55 da ke zuwa da kyamara, idan ka murɗa zobensu da ƙarfi suna kan AF, haƙoran ciki kake ci, kuma gyaransa sai ka shiga Kano.

Na uku, san zoben. Biyu ne: mai faɗin na zum, siririn na fokas. Lenis masu rubutun STM kuwa zobensu da lantarki yake aiki, in kyamara a kashe take ko ta yi barci, ko ka kwana kana juyawa babu abin da zai motsa. Taɓa maɓallin ɗauka ta farka tukuna.

Yadda ake juyawar

Idan abin da za ka ɗauka a tsaye yake, rabu da tagar leƙe, kunna allon baya. Kai ɗan akwatin kan wurin da kake so, danna maɓallin da ke da hoton gilashin ƙara girma. Canon na ba da ninki 5 da ninki 10, Nikon kuma ka yi ta danna mai alamar ƙari. Sai ka juya zobe a hankali har abin ya fito, ka ɗan wuce ya fara dishi-dishi, sannan ka dawo. Wucewar nan ita ke nuna maka inda tsakiyar take. Wanda ya tsaya a karon farko da abu ya yi masa kama da garau, galibi bai ƙarasa ba.

A ninki 10 hannu na rawa sosai. In babu ƙafa uku ta kafa kyamara, ɗora kyamarar a kan katanga, ko turmi a kife, ko sirdin babur da ɗan buhun gero a ƙasa.

Idan da tagar leƙe kake aiki, riƙe maɓallin ɗauka rabi kana juyawa. Da fokas ya hau, wani koren ɗigo zai kama a ƙasan tagar. Sai dai ɗigon da ido ɗaya yake gani da otofokas, don haka a duhu shi ma makaho ne. Masu kyamarori marasa madubi irin su Sony da Fujifilm suna da wani taimako: kyamara na shafa launi, ja ko rawaya, a gefen duk abin da ya fito. Yana da sauri, amma yakan yi zuƙu. A fuska dai ƙara girma ya fi shi gaskiya.

Sai maganar da ta fi kowace amfani, wato faɗin wurin da ke fitowa. Fokas ba layi ɗaya ba ne, fili ne mai gaba da baya, kuma kai ke faɗaɗa shi ko ƙuntata shi. Lenis 50mm a f/1.8 (lambar f ita ke nuna girman ƙofar haske ta lenis, ƙaramar lamba babbar ƙofa), mutum na tsaye mita 2 daga gare ka, filin bai wuce santimita 11 ba, kamar faɗin tafin hannu da ɗoriya. Ya ɗan sunkuyo kaɗan ya fita. Amma ka dawo da zum kan 18mm, ka sa f/5.6, ka ajiye fokas a mita 3: daga mita ɗaya da rabi har iya ganinka duk zai fito. A f/8 kuma ka ajiye a mita 2, daga kusan mita ɗaya ne. Wannan lissafi na ƙananan kyamarorin da na ambata ne. Taku uku na babban mutum kusan mita 2 ne, taku huɗu kusan 3. Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Dare: kai amarya, majalisi, karatun tsangaya

Ga abin da nake yi yanzu. Tun ana sallar isha'i nake zuwa in duba ta inda za a fito. In tsayar da yaro a bakin ƙofar, in ce, "Ɗan autan gida, riƙe min tocilar nan a ƙirjinka." In ja baya taku huɗu, in ja layi a ƙasa da ƙafa. Zum a 18mm, ƙofar haske f/5.6, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 800, filas a kunne. In kama fokas a kan yaron, ko da oto ma in ta yarda tunda ga tocila, sannan in tura makunni kan MF. Sai in manna ɗan salatif a kan zoben fokas da na zum.

Salatif ɗin nan kada ka raina shi. A cikin turmutsutsun mata da yara sai an goge ka, kuma lenis masu araha da zarar zum ya motsa fokas ya gudu. In ka canza zum, sake kamawa daga farko.

Da an taso, ina kan layina, dannawa kawai nake yi, kyamara ba ta jiran komai. Idan suka matso in ja baya, ina riƙe da tazarar taku uku zuwa biyar. Filas ɗin da ke kan kyamara ba ya kai nisa, waɗanda ke can baya za su shiga duhu, wannan ba laifin fokas ba ne.

Almajirai a gindin wuta kuwa filas ɓata su yake. Kyan hoton yana cikin jan hasken da ke lasar allo da fuska. Nemi izinin malam tukuna. Kafa kyamara, buɗe ƙofar haske iyakarta, ɗaga ISO zuwa 3200, ƙara girma a allon baya ka kama kan rubutun allo ko idon wanda ya fi kusa da wutar. In ka bar wa oto, harshen wuta za ta yi ta bi, shi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Yara na rausaya idan suna karatu, sai ka lura da inda kai ke ɗan tsayawa kafin ya koma, ka ɗauka a nan.

Idan wani abu ya shiga tsakani

Wannan ko da rana tsaka yana faruwa. Ɗan maraƙi a bayan dannin kara, kaji a cikin raga, mutum ta gilashin mota mai ƙura, amarya a ƙarƙashin mayafi mai duwatsu. Kyamara za ta kama karan, ko ragar, ko ƙurar, ko duwatsun, domin su ne a gaba kuma sun fi iyaka. Wanda ya taɓa zuwa Baturiya a fadamar Haɗejiya lokacin sanyi, sa'ad da tsuntsaye ke sauka daga Turai, ya san takaicin: tsuntsu na bayan kacala, ka dawo da hotunan ciyawa rangaɗau.

Maganin ɗaya ne. MF, matsa kusa da abin da ya tare ka iya yadda za ka iya, buɗe ƙofar haske, juya zobe ya wuce shi ya sauka kan abin da kake nufi. In ragar ta kusa taɓa lenis, narkewa take yi kamar babu ita. A kan amarya dai ni nakan nemi ido ta cikin mayafin, in bai samu ba in koma kan hannu da lalle.

Hawan sallah da sukuwa

Kyamarori masu tsada suna bin doki da kansu. Tamu mai akwatunan fokas 9 ko 11 tana ƙoƙari idan fili ya yi sarari, amma a jahin gaban hakimi ƙura ce ke tashi, ga dogarai da yara na gilmawa. Doki a sukuwa yana cin mita goma ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Kafin lenis ya je kan yaron da ya gilma ya dawo, mahayin ya riga ya ja linzami.

To ka riga shi zuwa. Ai ka san inda dawakin ke turjewa, kowace shekara wuri ɗaya ne. Tsaya a gefe inda doki ba zai bi ta kanka ba, kamar mita 15 daga wurin. Sa zum a 55mm, f/8, saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa, ɗaga ISO har haske ya daidaita. Kama fokas a kan wani abu da ke daidai wurin, dutse ko ƙafar dogari, ka koma MF. Da wannan saiti, daga kusan mita 9 har fiye da 50 duk fili ne naka. Sa kyamara a ɗauka a jere, ka fara dannawa tun doki bai iso ba. Irin su 1300D hoto uku suke yi a daƙiƙa, don haka kada ka jira sai ka ga abin da kake so, in ka gan shi ya wuce. Haka ake yi wa dambe da kokawa bayan kaka: kama tsakiyar fage ka bar shi.

Ƙananan abubuwa

A nan manoma suka fi nemana. Mutum ya ga wata tsutsa a tumatir, irin wadda ta yi ɓarna a Kadawa da Kura a 2016, yana son tura wa malamin gona ta WhatsApp. In hoton ya fito dishi-dishi, malamin ba zai bambance ta da wata ba.

A kusa sosai, filin fokas bai fi kaurin tsinken ashana biyu ko uku ba, kuma oto kan zaɓi jijiyar ganye ta bar tsutsar. Yi haka: zum a 55mm, MF, juya zobe zuwa ƙarshensa na kusa, ka daina taɓa shi. Yanzu jikinka ne zoben. Matsa gaba a hankali har tsutsar ta fito, riƙe numfashi, danna. Lenis 18-55 ba ya kama abin da ya fi kusan santimita 25 kusa, kuma daga cikin kyamara ake aunawa, ba daga bakin lenis ba. Sa f/8 ko f/11, ka ɗauki biyar ko shida, ɗaya zai dace. Da sassafe ya fi, kafin iska ta tashi. In ta tashi, tsinke ganyen ka ɗora a kan farar takarda a inuwa. Zanen lalle da aikin hula ma haka.

Hazo, wata da taurari

Idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, nesa kan zama fari fat. Duwatsun Dutse ko na Birnin Kudu sai su koma kamar inuwa, oto ta rasa abin kamawa. Nemi abu mai duhu a can nesa, giginya ko turken waya, ƙara girma, kama da hannu. Kuma kada ka sauya lenis a waje a irin wannan rana.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne murɗa zobe har ƙarshe da zaton can ne nesa. Yawancin lenis na yanzu suna wuce nesa kaɗan, in ka kai ƙarshe komai zai yi laushi. Ga jinjirin wata na azumi ko na sallah, wanda siririn zare ne a sama mai sauran haske, kama fokas a kan jar fitilar eriyar sabis mai nisa, ko a kan Zara in ta fito. Juya har ɗigon hasken ya ƙanƙance iyakar ƙanƙancewa, sannan ka juyo da kyamara kan watan.

Taurari kuwa mu a ƙauye muna da abin da 'yan birni ba su da shi, wato duhu. Kafa kyamara, 18mm, f/3.5, ISO 1600 ko 3200, daƙiƙa 15. In ka zarce haka da yawa taurarin za su fara jan wutsiya, saboda duniya na juyawa. Sa mai ƙidayar daƙiƙa 2 ko 10 don kada yatsanka ya girgiza ta. A daren sanyi da hazo ya lafa, Kaza da 'Ya'yanta na fitowa har ka ƙirga su.

Bidiyo

A walimar sauka ko wa'azi, malam na zaune wuri ɗaya. Kafa kyamara, kama idonsa, koma MF, sa f/5.6 don ya samu wurin motsi. In ba haka ba duk wanda ya gilma da butar shayi sai fokas ya bi shi, ga kukan lenis yana shiga cikin sauti.

Masu waya

Wayoyi da yawa na Tecno, Infinix da Samsung suna da sashen Pro a kyamara. A ciki za ka ga MF da wani layi, fure a gefe ɗaya, dutse a ɗayan. Fure kusa ne, dutse nesa. In wayarka ba ta da shi, ɗora yatsa a kan abin da kake so ka riƙe har alamar kulle ta fito. A iPhone rubutun AE/AF Lock ne zai bayyana. Kafin komai dai goge gilashin da gefen riga. Rabin hotunan waya da ake kawo min ana cewa ba su fito ba, maiƙon yatsa ne.

Inda ya kamata ka bar wa kyamara aikinta

Na ga samari da suka ɗauki MF abin taƙama, wai shi ne alamar gwani. Ni ban yarda ba. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis da hantsi, ko yara na guje-guje a tsakar gida, ko hoton ango da abokansa da rana, oto ta fi hannunka sauri nesa ba kusa ba. Hoton fuska a f/1.8 ta tagar leƙe ma ta fi idonka, domin tagar ba ta nuna ƙuncin filin yadda yake. Abin da za ka yi shi ne ka hana ta zaɓar akwati da kanta. Zaɓi na tsakiya, shi ya fi sauran gani a waɗannan kyamarori, ɗora shi kan ido. Cikin aiki goma da nake yi, takwas a haka nake gama su.

Wani lokaci kuma dole ce ke sa ka. Masu Nikon D3100, D3200 ko D5300, ku kula idan za ku sayi lenis 50mm wanda aka riga aka yi amfani da shi. Mai harafin D a ƙarshe, wato f/1.8D, ya fi araha, amma waɗannan kyamarori ba su da injin da ke juya shi, da hannu za ka yi ta fama har abada. Lenis mai rubutun AF-S a jikinsa shi ke juya kansa. Ɗaura shi a kyamararka ka gwada a gaban mai shago kafin ka miƙa kuɗi.

In hoto ya lalace, duba kafin ka zargi fokas. Buɗe shi ka ƙara girma. Idan akwai wani abu da ya fito tas, bango a baya ko tabarma a gaba, fokas ne ya sauka inda bai kamata ba. Idan babu abin da ya fito ko ɗaya, kuma gefen abubuwa ya ja kamar an shafa, hannunka ne ya motsa ko saurin ɗauka ya yi ƙasa, juya zobe ba zai yi maganinsa ba.

Gwaji a gida

Jera gwangwanayen madara biyar a kan katanga, tsakanin kowanne taƙi ɗaya, ka tsaya a ƙarshen layin. Kama na farko da hannu, ɗauka, kama na uku, ɗauka, kama na biyar, dawo na biyu. Yi da la'asar, ka sake yi bayan magariba da fitila ɗaya. Abin da kake koya wa yatsunka shi ne wane gefe ne kusa, wane ne nesa, domin Canon da Nikon hannun riga suke a nan: inda ɗaya ke juyawa zuwa nesa, ɗayar kusa take zuwa. Mako guda ya isa ka daina tunani kafin ka juya.

Da ka gama aikin dare kuma, tun kafin kyamara ta shiga jaka, ɓare salatif ɗin ka mayar da makunni kan AF. Na taɓa wucewa daga kai amarya zuwa raɗin suna da safe ban mayar ba, na ɗauki jariri da kakanninsa a 50mm da fokas ɗin daren jiya, a ƙaramin allo kuma komai ya yi min kyau. Sai da aka wanko na ga kalandar da ke bango ce kaɗai ta fito. Yanzu salatif ɗin da na ɓare a kan murfin lenis nake manna shi, in ban gan shi a can ba da safe, na san makunnin bai koma ba.